Masassaƙan Epa na Ƙasar Ekiti da Salsalarsu

Kowane gari na ƙasar Hausa yana da masassaƙi. Shi ke fafe turmi, shi ke yin taɓarya da akushi da kujerar mata, shi ke yi wa manomi ƙotar fartanya, shi ke kuma gyara allon da yaro zai fara karatu a kansa. Duk da haka da wuya ka ji an tambayi sunan wanda ya sassaƙa turmin gida. In ya tsage a sayi wani, shi ke nan. Abin da ya fi kusa da sassaƙar fuska a wurinmu shi ne burtu, watau kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya duƙa yana tafe yana kaɗa shi, har naman daji ya saki jiki, yana tsammani tsuntsu ne ke kiwo. Burtun ma ba wanda ya damu da wanda ya yi shi, muddin dai ya yaudari gada.

To, akwai wata ƙasa kudu da kogin Kwara inda sana'ar nan ta sassaƙa ta kai wani matsayi dabam. A can masassaƙi mutum ne mai suna, ana yi masa kirari kamar yadda a ke yi wa jarumi, sarakuna suna aikawa a kira shi daga gari mai nisa, mutane kuma suna duban aiki su ce wannan hannun wane ne, wane kuwa wurin wane ya koya. Ƙasar ita ce ta Ekiti da Igbomina, a arewa maso gabashin ƙasar Yarbawa, babban aikin da a ke gwada gwaninta da shi kuwa shi ne kan dodon da su ke kira Epa. Labarin masu sassaƙa shi na ke so in bayar.

Na san wani zai ce, ina ruwan Musulmi da labarin gumaka? Amsa ita ce, magabatanmu da suka rubuta tarihin Kano ba su ƙi kawo labarin Barbushe da tsafin Dala ba, ba kuwa don suna kiran mutane ga bauta masa ba ne, sai don a san abin da ya wuce. Hukuncin sassaƙa siffar mai rai sananne ne wurin malamai, ni kuwa ba fatawa na zo yi ba. Tarihi ne na maƙwabtanmu, wanda kuma za a ga hannunmu a cikinsa nan da can.

Ƙasar da mutanenta

Ekiti ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, sunan ma daga tuddan ya samo asali. Mutanenta manoman doya ne. Ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki guda ba, kowane babban gari da sarkinsa da ƙauyukansa. Yawancin ƙasar yanzu tana cikin Jihar Ekiti da aka kafa a 1996, amma garuruwanta na can arewa, irin su Osi da Odo-Owa, suna cikin Jihar Kwara. A zamanin Turawa waɗannan garuruwa cikin Lardin Ilori su ke, watau cikin Jihar Arewa. Shi ya sa a ke ce wa garin Osi-Ilorin, don a bambanta shi da wani Osi da ke kudu. Daga wannan ɗan yanki ne mafi yawan mashahuran masassaƙan Epa suka fito. Ashe ke nan, a bisa takarda, 'yan Arewa ne su ma a wancan zamani, harajinsu Ilori ya ke zuwa.

Yadda Epa ya ke

Kan Epa kashi biyu ne, amma daga gungume guda a ke fitar da shi, ba haɗi, ba ƙusa. Kashin ƙasa kamar tukunya ce a kife, Yarbawa ma ikoko su ke ce da shi, watau tukunya. Ita ce mai rawa ke zura kansa a ciki. Yawanci fuska biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, da idanu fiƙi-fiƙi da baki wangame, ta bakin nan ne mutumin da ke ciki ke gani. Wannan tukunya ba a cika sāke fasalinta ba, kusan iri ɗaya ce ko'ina, ba a kuwa ƙawata ta. A bisanta sai a bar wani faifai, a kan faifan kuma a sassaƙa siffofi. Nan ne masassaƙi ke nuna iyakar abin da ya iya. Wani kan tsawonsa ya kan kai ƙafa 4 ko 5, nauyinsa laba 50, wani ma ya fi haka. In an gama a shafe shi da ja da fari da baƙi ko shuni, a ajiye a ɗakin tsafi, ba a fito da shi sai ranar biki, sa'an nan a wanke a sabunta launi.

Siffofin da ke sama ba na ganin dama ba ne, kowanne da sunansa da aikinsa. Akwai Oloko, mai gona, wanda a ke sassaƙa damisa ta faɗa wa barewa a kansa. Akwai Jagunjagun, mayaƙi bisa doki. Akwai Olosanyin, mai magani. Akwai uwa mai goyo, 'ya'ya kewaye da ita, wadda a ke girmama mata da haihuwa da ita. Sa'an nan akwai Orangun, sarki bisa doki ƙarƙashin laima, da makaɗa da dogarai da mata da bayi. In mutum ya jera su ya duba sai ya ga abin da gari ke tsaye a kansa ke nan, noma da yaƙi da magani da haihuwa da sarauta.

Ranar biki samari majiya ƙarfi ke ɗaukar su, an rufe musu jiki da ganyen kwakwa ko tufa. Oloko ke fara fitowa, Orangun ya zo daga ƙarshe. Ba tafiya kaɗai a ke so ba, rawa a ke yi da wannan kaya. Akwai kuma wani tudun ƙasa da a ke tarawa, wanda mai ɗauke da kan zai daka tsalle ya hau. In ya dira daidai sai gari ya ɗauki sowa, a ce shekara za ta yi kyau. In ya yi tuntuɓe ko kan ya faɗi, abin ya zama mugun fata, sai an yi yanka an gyara. To, a nan mai karatu zai gane nauyin da ke wuyan masassaƙi. Ba kyau kaɗai a ke nema wurinsa ba. Dole ya zaɓi itace marar nauyi, ya fafe inda ya kamata, ya raba siffofin nan dama da hagu, gaba da baya, yadda in saurayi ya yi tsalle kaya ba zai rinjaye shi ba. In ya kuskure ma'auni kaɗan, wuyan ɗan wani ne zai karye, hankalin gari duka kuma ya tashi.

Mahayin doki

Wanda ya san ƙasar Ekiti zai yi mamakin yawan dawaki a cikin sassaƙarsu, gama doki ba ya daɗewa a kurmi, ƙudan tsando ke kashe shi. Dawakin Yarbawa daga arewa a ke kawo su, daga ƙasar Hausa da Nufe da Barno, da tsada kuwa. Saboda haka a idon mutumin Ekiti doki alamar iko ce, alama ce kuma ta masifar da ke zuwa daga waje.

Ga dalili. Bayan da daular Oyo ta rushe a farkon ƙarni na 19, Ilori ta zama masarauta ƙarƙashin tutar Gwandu, Badun kuma ta tashi ta zama gari mai mayaƙa. Ƙasar Ekiti da Igbomina ta zama tsakanin wuta biyu. Mahayan Ilori suna kai hari daga arewa, Badun kuma ta ci garuruwa da yawa ta zuba musu wakilai, waɗanda a ke kira ajele, masu karɓar gandu da ƙwace. Mutane da yawa aka kama aka sayar. Da zalunci ya yi yawa sai garuruwan Ekiti da Ijesha suka haɗa kai, aka kira haɗin Ekitiparapo, suka tayar wa Badun. Fabunmi na Okemesi yana cikin waɗanda suka fara ta da tutar, Ogedengbe na Ilesha ya zama babban sarkin yaƙinsu, Ilori kuwa a wannan karo ta goyi bayansu don ƙiyayyarta da Badun. Wannan shi ne yaƙin Kiriji, wanda aka sa wa suna saboda ƙarar manyan bindigogi. An shekara 16 ana fama, daga 1877 zuwa 1893. Bayan shekara 4, a 1897, sojan Kamfanin Neja suka ci Ilori.

Wasu daga cikin masassaƙan da za mu ambata a cikin wannan hargitsi aka haife su, iyayensu kuwa da idonsu suka gani. Shi ya sa in ka dubi kan Jagunjagun sai ka ga mahayi ya fi dokinsa girma, mashi a hannu, layu a jiki, doki da linzami da sirdi irin namu, a gefe ga mai bindiga, ga kuma wani ɗaure da igiya. Mutanen nan ba su da alƙalami a lokacin, amma sun rubuta abin da ya same su a jikin itace, kowace shekara kuma su fito da shi tsakar gari yara su gani.

Yadda a ke koyo

Masassaƙin Yarbawa da ƙarfe ya ke aiki, saboda haka a da Ogun ya ke bauta wa, abin bautar maƙera da maharba da mayaƙa. Kayan aikinsa ba su fi na masassaƙinmu yawa ba, gatari ne da gizago manya da ƙanana, da ƙarafan fafewa, da wuƙaƙe. Ƙyamare da ginshiƙai da itacen iroko a ke yi, wanda mu ke kira loko, don ƙarfinsa da jimirinsa ga gara. Kan dodo kuwa sai itace mai sauƙi. Da ɗanyensa a ke fara sara, tun bai bushe ya yi tauri ba. Ba ya zana kome a takarda, siffar tana cikin kansa tun kafin ya ɗaga gizago.

Aikin mataki 4 ne, kowanne da sunansa. Na fari ona lile, watau sarar farko, inda a ke fitar da manyan gaɓoɓi, a san nan kai zai zauna, nan doki, nan laima. Na biyu aletunle, a rarraba manyan gaɓoɓin nan zuwa ƙanana, kunne ya fita, hannu ya rabu da jiki. Na uku didan, a goge sawun gizago har jiki ya yi sumul. Na huɗu fifin, a zana kitso da tsagar fuska da ƙwayar ido da adon tufa da bakin wuƙa. Na farkon shi ne mai wuya, gama abin da aka sare ba ya komawa. Yaro ya kan fara da wasa wuƙa da share ɓawo da kallo, sa'an nan a ba shi guga, sannu sannu har a yarda ya taɓa sarar farko. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, haka ma mai sassaƙa shi. In ya ƙware sai a yi bikin yaye shi, ya tafi ya kafa nasa zauren.

Duk wanda ya yi karatun allo zai gane wannan tsari. Ba a ɗaukar karatu daga iska, sai daga bakin malami, shi ma daga nasa malamin. In an san salsala an san darajar karatun. Masassaƙan Osi suna da tasu salsalar, ga ta kuwa.

Areogun da Bamigboye

A Osi akwai wani gwani sunansa Bamgbose. Wurinsa wani yaro mai suna Dada ya shiga koyo, wanda aka haifa wajen 1880. Ya shekara 16 ƙarƙashinsa, da farko almajiri, daga baya mataimaki. Da ya tsaya da ƙafarsa sai aka yi masa laƙabi Areogun, ma'anarsa wanda ke samun kuɗi da ƙarfen Ogun ya kuma kashe su ba ƙyashi. Da wannan suna duniya ta san shi. Ya yi yawo garuruwan arewacin Ekiti yana yi wa sarakuna ƙyamaren fada da ginshiƙan shirayi, yana yi wa ɗakunan tsafi kawunan Epa da akusan duba.

Ƙyamarensa su ne suka fi nuna halinsa. Ya kan raba ƙyaure layi layi, kamar shafin littafi, ya cika kowane layi da mutane maƙil, ba ya barin fili. Ga mahayi da kamammensa, ga mace tana daka, ga mai goyo, ga boka. A tsakiyarsu kuma sai ka ga Bature da hular kwano, ko wani bisa keke da lofe a baki. Abin da ya gani a hanya shi ya ke sawa, ko tsoho ko sabo. Ya rasu a 1954, bayan ya ga zamanin hari, da zuwan Turawa, da zuwan mota.

A Odo-Owa kuma, ba nisa da Osi, akwai Bamigboye, wanda aka haifa wajen 1885, mai sarautar Alaga, masassaƙi kuma mai magani. In Areogun sarkin ƙyaure ne, to, Bamigboye sarkin Epa ne. Kawunansa dogaye ne ƙwarai, hawa bisa hawa, sarki a tsakiya bisa doki, ƙananan mutane masu yawa kewaye da shi, kowanne da abin da ya ke yi, duka kuwa daga gungume guda. A shekarun 1930 ya koyar da sassaƙa a makarantar gwamnati ta Omu-Aran, inda wani Baturen makaranta, J. D. Clarke, ke ƙoƙarin haɗa karatun boko da sana'o'in gargajiya. Daga baya ya musulunta, sunansa ya zama Moshood. Ya rasu a cikin shekarun 1970. A 2022 gidan nune-nunen Jami'ar Yale a Amurka ya tattara ayyukansa wuri guda aka yi nuni da sunansa shi kaɗai, abin da ba a cika yi wa masassaƙin Afirka na wancan zamani ba.

Sa'ad da masu saye suka ragu

Sana'a ba ta rayuwa sai da mai saye. Tun Areogun yana da rai kasuwar ta fara ja da baya. Musulunci da Kiristanci suka yaɗu a ƙasar, wanda ya shiga ɗayansu ba ya sa a yi masa gunki. Sarakuna suka koma ginin siminti da kwano, ƙyauren kafinta mai fenti ya fi musu kwarjini. Samari suka tafi makaranta ko gonar koko. Ɗan masassaƙi ya ga aikin kafinta ya fi kawo kuɗi. Salsalar Osi ta kusa yankewa a nan.

Areogun yana da almajiri, Osamuko, wanda shi ma ya zama gwani. Wurin Osamuko ne ɗan Areogun, Bandele, ya yi koyo. Bandele ya zama Kirista, ana ce masa George. Yana da hannu, amma aikin da hannun ya saba ya yi ƙaranci.

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. A 1947 wani shugaban 'yan mishan na Katolika, mutumin Ailan, Fada Patrick Kelly, ya sa aka buɗe wani zauren sana'a a Oye-Ekiti, ya ɗora wasu limamansu biyu a kai, Kevin Carroll da Sean O'Mahoney. Nufinsu a daina kawo kayan coci daga Turai, a sa masassaƙa da masaƙa da masu aikin dutsen ado na ƙasar su yi da irin fasalinsu. Bandele ya zama babban masassaƙin wurin. Carroll ya kan gaya masa labarin da a ke so, ya bar shi ya fitar da shi yadda hannunsa ya saba. Sai aka ga mutanen labarin da tufafin Yarbawa, sarakuna da kambin dutsen ado, mahayi kuwa shi ne dai mahayin nan na kan Epa. Ba kowa ya ji daɗi ba. Kiristoci da yawa, har da na ƙasar, suka ce ai wannan shi ne tsafin da suka baro, an shigo musu da shi ta bayan gida. A 1954 aka rufe wurin, shekarar da Areogun ya rasu. Amma Carroll bai saki masassaƙan ba, ya ci gaba da nemo musu aiki, ya kuma rubuta littafi a kansu da aka buga a 1967, inda ya kawo sunayensu da matakan aikinsu da wanda ya koya wa wane. Yawancin abin da a ka sani game da Areogun ta wannan hanya ya tsira.

A cikin shekara 7 ɗin nan na Oye aka ƙulla wani sabon zobe a salsalar. A 1949 Carroll ya gamu da wani saurayi daga Ila-Orangun, Lamidi Fakeye, wanda aka haifa a 1928. Gidansu gidan sassaƙa ne tun kakanni, an ma sa masa suna Olonade, watau masassaƙi ya iso. Musulmi ne, Lamidi kuwa shi ne Abdulhamidu a bakin Yarbawa. Carroll ya kai shi wurin Bandele, ya shekara 3 yana koyo. Dubi wannan haɗi: Musulmi yana koyo wurin Kirista, wanda ubansa Ogun ya ke bauta wa, a zauren 'yan mishan. Ba addini ya haɗa su ba, gizago ne.

Lamidi ya kai sana'ar inda kakanninsa ba su yi mafarki ba. Ya yi ƙyamare da ginshiƙai na coci da na gidajen gwamnati, ya je Faransa ya ƙaro ilmi, ya yi yawo Amurka yana sassaƙa a gaban ɗalibai. Shi ne ya sassaƙa wa ɗakin Afirka na Cibiyar Kennedy a birnin Washington manyan ƙyamare. A 1978 Jami'ar Ife ta ɗauke shi malami, ya koyar da ƙannensa da 'ya'yan 'yan'uwansa da ɗalibai masu yawa. Ya rasu a Ile-Ife ran 25 ga Disamba, 2009. To, ga salsalar a jere: Bamgbose ya koya wa Areogun, Areogun ya koya wa Osamuko, Osamuko ya koya wa Bandele, Bandele ya koya wa Lamidi. Mutum 5, sun ɗauko sana'a daga zamanin yaƙin Kiriji har cikin ajin jami'a. Masu saye sun sāke sau da yawa, daga ɗakin tsafi zuwa fada, zuwa coci, zuwa gwamnati, amma matakan nan 4 ba su sāke ba.

Sunan da ya ɓace, da wanda aka tsinto

Turawan farko da suka kwashi sassaƙar Afirka ba su tambayi sunan kowa ba. Su kan rubuta a jikin takarda, aikin Yarbawa, kamar dai kabila ce ta taru ta riƙe gizago. Misali mafi girma shi ne na Olowe, mutumin Ise, wanda ya rasu a 1938, wanda kuma masana da yawa ke ganin ba a yi kamarsa ba. Ya yi wa Ogoga, sarkin Ikere, wani ƙyaure mai nuna ranar da Baturen mulki ya zo fada ana ɗauke da shi a ragaya. A 1924 aka ari ƙyauren aka kai babban nunin Wembley a Ingila. Gidan tarihi na Landan ya so shi, aka yi musaya, aka aiko wa Ogoga kujerar sarauta ƙirar Ingila, Olowe kuma ya sassaƙa masa wani ƙyauren. Dubban mutane sun kalli aikin, ba su ji sunan mai shi ba, alhali kuwa yana nan da ransa a Ise. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana irin su William Fagg suka shiga ƙauyuka suna tambaya, suka tarar ashe sunayen ba su ɓace ba, tambaya ce ba a yi ba. Kirarin Olowe ma yana nan a bakin iyalinsa, har aka ɗauke shi a 1988, shekara 50 bayan rasuwarsa.

Gwamnati ta farga da sannu. A 1943 aka naɗa Kenneth Murray mai kula da kayan tarihi. Gidan tarihi na farko a Nijeriya a Esie aka buɗe shi a 1945, cikin Lardin Ilori ɗin nan, na Jos ya biyo a 1952, na Ikko a 1957. A 1953 aka yi dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa sai da izini, aka ƙarfafa ta a 1979. Duk da haka kawunan Epa da yawa sun fita, wasu masu su ne suka sayar bayan sun bar tsafi, wasu kuwa sace su aka yi da dare.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Fataken da suka fi kowa yawo da sassaƙa a Afirka ta Yamma, daga ƙauye zuwa gidajen Turawa, daga Ikko har Abijan, da yawansu Hausawa ne. Neman halali ba laifi ba ne, sun kuma buɗe wa masassaƙa da yawa kasuwa. Amma ciniki ya zo da wata illa. Mai saye ya fi son tsohon abu, wanda aka yi rawa da shi, ba ya son jin cewa wane ne ya sassaƙa shi bara. Saboda haka sai a ɓoye sunan mai aiki da garinsa, wani lokaci ma a turara sabon aiki da hayaƙi, ko a binne shi gara ta ɗan taɓa, don ya yi kama da na kakanni. Abin da jahilcin baƙo ya fara, kwaɗayin kasuwa ya ƙarasa. Wanda ya taɓa aikin ofis ya sani takarda in ba sa hannu ba ta zama shaida. Kan Epa da aka raba da sunan masassaƙinsa da garin da ya yi rawa haka ya ke, ya zama abin ado kawai, tarihin da ke cikinsa ya zube.

Har yanzu ana bikin Epa a wasu garuruwan Ekiti da Kwara, ko da ya ke ba kamar da ba, akwai kuma zuriyar Fakeye da almajiransu suna sassaƙa. Abin da ya tsirar da sunan Areogun ba wani abin mamaki ba ne, mutum guda ne ya zauna da tsofaffi ya tambaya, ya rubuta. Mu ma muna da magina da suka ɗaga bakan gizo a masallatai da fadodi, da maƙera, da dukawa, da marina, da masu ɗinkin aska takwas. Ban da kaɗan, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sunayen nawa muka riƙe? Duk wanda ke da tsohon mai sana'a a unguwarsu, ya kamata ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi wurin wa ya koya, shi kuma wancan wurin wa, ya rubuta ya ajiye tun tsohon yana iya ba da amsa. Allah Ya sa mu dace.